Wa Ya San Attahiru a Araba?

Duk wanda ya je ƙauye ya dawo, kafin ya zauna sai ya ce, "Suna gaishe ku." Malam Attahiru ya dawo daga ƙauyensu Araba bai ce ba, kuma duk gidan nan na Illela da ya sauka, jikarsa Hanifa ce kaɗai ta lura. Shekara hamsin yana zaune a Tawa, cikin Nijar, ba shi da takardar gida ko ɗaya. Yanzu tsufa ya zo, yana son katin ɗan ƙasa don a daina kiransa baƙo a bakin iyaka, aka ce sai ya kawo dattijon da ya san asalinsa.

Ta yi masa sannu da hanya, ya ce, "Lahiya lau, amarya. Ina ruwan shan miji?"

"Wane miji? Ni ba ni auren baƙo. Nuna min takarda."

"Ke! Ni da anka binne cibiyata a Araba tun ba a haifi ubanki ba?"

"Cibiya ba ta sa hannu, tsoho."

"Fuskata ta isa shaida."

"Wagga fuskar? Kamar tsohuwar sefa, ko mai canji ba ya amsa."

"Yarinya, kome nisan jifa ƙasa zai faɗo."

"Jifa ba a tambayar shi inda anka haife shi. Ina Mukhtarin da kac ce zai rantse maka?"

Ya ɗan gyara zama. "Ya riga mu, bara waccan."

"Jabir mai rini fa?"

"An nuna min inda yake kwance. Na yi sallama a gidan ubana, wata mata ta leƙo ta ce, 'Baba, wa kake nema?'"

Hanifa ta sunkuyar da kai tana gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Can sai ta ɗago.

"Saura Lubabatu ta Lafani, wadda ta ƙi ka har ka yi fushi ka ƙetare iyaka."

"Ƙarya ta! Fatauci ya kai ni."

"Fataucin shekara hamsin? Tana nan da ranta, ido dai ya tafi."

"To da mi za ta shaide ni?"

"Ka buɗe baki ka yi cika-baki ɗaya, za ta ce Attahiru na."

Tsoho ya yi dariya har da hawaye. Dariyar ta ƙare, yana nan yana share ido da gefen riga.

"In ita ma ta ce ba ta san ni ba?"

"Sai in rantse ni na goye ka."

"Kin ci, ja'ira."

Ya cire hularsa, ya duba inda gumi ya baƙanta bakinta, ya miƙa mata.

"Wanke min ita. Gobe da sassafe za mu Lafani."