Neman Auren 'Yar Tanfil

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Farfesa Tanfil ofishinmu na Sama Road ba. Baturen Ingila ne, masanin tarihin kasuwanci, ya zo binciken cinikin fatar jan akuya. Tare da shi akwai wata mata mai ɗaukar masa hoto, ita ma Tanfil.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na fara da tambayar ma'anar sunan. Da Hausarsa ta littafi ya ce sunan wani ƙauye ne da kakanninsa suka fito. Na ce madalla, irin namu ne. Ajinmu a makaranta cike yake da su Wurno da Gwadabawa, kowa da sunan garinsu. Ke nan shi da ita garinsu ɗaya. Tunda kuma ya girme ta, kuma amanarta na hannunsa, ko ƙanwa ce ko 'yar ƙane. (Zoben yatsanta kuwa na ɗauka ado ne.)

Sai ga Malam Yohanna, akawunmu, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da yara biyu. Ya same ni yana sosa ƙeya, wai baturiyar ta kwanta masa a rai.

"Yaya, kana ganin da hali?"

"Bar mini," na ce. "Ba a tarar mace a hanya. Wurin waliyyi aka zuwa."

Ran Asabar na sa babbar riga, Yohanna ya sa kwat, muka ɗauki goro zuwa masaukinsu. Na yi gaisuwa, na yabi halin Yohanna, na faɗi matsayin aikinsa, sannan na ce muna neman iri a gidan Tanfil.

"Wace ce?" in ji Farfesa.

Na nuna ta da haɓa.

Ya dubi goron, ya dube ni. "Malam, matata ce. A wurinmu mace sunan miji take ɗauka."

Ita kuwa da aka fassara mata, dariya har da riƙe ciki. Na waiga, babu Yohanna, sai takalminsa a bakin ƙofa.

Har yau in Yohanna ya gan ni sai ya ce, "Waliyyi, ina za mu yau?"

Tsarina dai ba shi da laifi, har gobe. Tambaya ɗaya ce na tsallake, kuma ita ce ta fari: kafin ka tambayi ma'anar suna, tambayi inda mai shi ya samo shi.