Yadda Za Ki Sa Kotu Ta Kori Ƙarar Ɗanki Na Fari

Hajiya, an ɗaure miki ɗan fari shekara biyu kan faɗan da rabo kawai ya shiga, ga shaidu har biyu a hannunki? Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci ko alƙalin da ya fi kowa tausayi sai ya kori ƙarar. Iya Ƙaltume ta unguwar Ƙiblatain, nan ƙasar Larabawa, ta gwada, ta kuma dace.

1. Sallami mai taimako

Kwana talatin aka ba ki na ɗaukaka ƙara. 'Yarki Najwa za ta ce tana iya shigar da ita ta waya kafin shayi ya huce. Ce mata maganar manya ce. Yaran da za a yi wa Hausa su amsa da Larabci, me suka sani?

2. Fara da kamun ƙafa

Kwana ashirin da shida Iya Ƙaltume ta yi tana zaga dattawan unguwar Ranuna. Ta sha gahawa, ta ci dabino, kowa ya ce in sha Allahu. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce.

3. Nemi marubucin da bai san gidanku ba

Ita Malam Jumare ta samu, baƙo mai kyan rubutu. Gaisuwa da addu'a kaɗai sun ci shafi biyu.

4. Riƙe kunyarki

Nan ƙwarewar take. Zai tambayi sunan fursuna, uwa ta gari kuwa ba ta kama sunan ɗan fari. Iya Ƙaltume ta sunkuyar da kai, ta ce, "Rubuta Maikuɗi. Kowa ya san shi." Laƙabin da kakarsa ta sa masa ne, ba ya kan takarda ko ɗaya. Malam Jumare mutum ne mai tarbiyya, bai matsa ba.

5. Koma karɓar sakamako

Ma'aikacin kotu ya shaida mata babu fursuna mai wannan suna, an kori takardar, wa'adi kuma tun shekaranjiya ya cika. Da ya ga ta ƙi barin taga, sai ya tambaye ta wai wa take nema.

"Ubaidullah," ta ce. Shekara talatin da ɗaya ke nan da haihuwarsa, sai ran nan ta fara faɗar sunan. Ma'aikacin ya ce Masha Allah, suna mai kyau, ya kira na bayanta.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba lauya ba ne, kukan da za ki yi a motar komawa gida ba ya wuyansa. Shi ma ɗan fari ne, har uwarsa ta rasu bai ji sunansa a bakinta ba.