Yadda Sallau Ya Goge Zanen Alhaji Nomau

Ai kun san Sallau Mai Hoto, wanda shagonsa ke bakin kasuwar albasa. Mutumin da in ya fara cika baki sai ka rantse shi ya ƙera kyamara. Ni dai tun da nake ban taɓa jin ya ce “ban sani ba”, ko da kuwa hanyar garin da bai taɓa zuwa ba ka tambaye shi.

To, zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan albasa ya matso. Alhaji Nomau ya fito takara. Bagobiri ne na asali, zanensa raɗau, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya, kuma ba abin da yake tinƙaho da shi a duniya kamar zanen nan. Ya ce yana son ƙaton hoto a ƙofar kasuwa. Wanda ya yi masa aikin da ya burge shi, shi zai yi wa 'yan ƙungiya kaf katin shaida.

Masu hoto biyu ne a layin, Sallau da Malama Hurera mai buga kalandar biki. Sallau ya riga ta kai gaisuwa, ya karɓe aikin. Maimakon ya yi shiru, sai ya tako har shagonta don ya yi mata gwalo.

Ya ce, “Hurera, har yanzu da tsohuwar manhajar nan kike gyaran hoto? Wadda sai kin wuni kina tsintar ƙuraje ɗaya-ɗaya kamar mai tsince shinkafa?”

Ta ce, “Ita dai. Takan bar mini hoton asali, in na yi kuskure in koma baya.”

Ya kwashe da dariya. “Baya? Ni gaba nake yi! Na sauko da sabuwa jiya. Sau ɗaya za ki danna, ɗis! Tsoho ya koma ango. Ko jaki kika sa mata sai ya fito da kwarjini.”

Ta ce, “Malam Sallau, ka dai gwada ta a kan wani hoton tukuna. Kuma ka adana na asali.”

Ya ce, “A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.” Ya kaɗa riga ya tafi.

Alhaji ya zo ya sha babbar riga, ya zauna, ƙyas! aka ɗauka. Sallau ya zuba hoton a manhaja ya danna. Ita kuwa manhajar, wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa ganin Bagobiri ba. Ta ga layi goma sha uku a fuska, ta ɗauka tabo ne. Ta share su tas. Ta ga baƙin tabon sallah a goshi, shi ma ta haɗa da shi. Fuska ta fito sumul kamar ƙwai.

Kun san abin haushin? Sallau ya gani. Da idonsa ya gani! Amma sai ya buga cinya ya ce, “Kai, wannan ita ce fasaha!” Manhaja ta tambaye shi ko a ajiye na asali, ya ce a ajiye shi a yi me da shi? Ya goge. Ya kai aka buga a ƙaton ƙyalle, bai nuna wa kowa ba, wai kada a sace masa salo.

Ranar kasuwa aka rataye. Jama'a suka taru suna ɗaga kai.

Wani ya ce, “Wane ne wannan?”

Wani ya ce, “Ƙila ɗansa ne na jami'a.”

Wata mai fura ta ce, “Sunan dai na Alhaji ne. Amma wannan ko sallah bai fara ba.”

Sai ga Alhaji Nomau. Ya dubi ƙyalle, ya shafa kuncinsa, ya sake duban ƙyalle. Ya daka tsawa, “Sallau! Ina zanena? Zanen da wanzamin gidanmu ya yi min ina ɗan kwana bakwai, shi ka share da yatsa guda?”

Wani mai hankali da sai ya durƙusa. Ban da Sallau. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan somin-taɓi ne. Zanen yana ciki, ɓoye shi na yi. Gobe kafin azahar zai dawo.”

Alhaji ya ce, “In zauna ka sake ɗauka?”

“Haba! Ai na'urar ta haddace fuskarka.”

Ya koma shago gumi na karyo masa. Ya danna nan, ya danna can, babu hanyar komawa baya. Hurera ta leƙo ta ce ya roƙi Alhaji a sake hoton, za ta taya shi gyarawa. Ya ce shi zai koyi aiki a wurin mai kalanda? Ya nemo alƙalamin da ke cikin manhajar, ya ce zane dai ai zane ne. Shekara goma yana gaisawa da Alhaji, bai taɓa tsayawa ya ƙirga ba. Ya ja uku a dama, tsaf, tsaf, tsaf. Ya ja uku a hagu. Ya ce ya ma fi na da tsari.

Washegari aka sake ratayewa. Wanda ya fara isowa kuwa Alhaji Lamidi ne mai kayan babur, Bayarabe. Kun san wasan da ke tsakanin Yarabawa da Gobirawa, ba sa raga wa juna. Lamidi ya ga uku-uku a kunci, irin na garinsu sak. Ya cire hula ya fara rawa a tsakiyar titi.

“Jama'a ku zo! Gaskiya ta fito! Ashe Nomau yaronmu ne da ya ɓata! Nomau, zo ka gaida babanka, in kai ka gida ka ci amala!”

Kasuwa ta ɗauki ihu. Har masu ɗaukar buhu sai da suka sauke kaya don su ji daɗin dariya.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Nomau. Ya ratsa taro ya kamo hannun Sallau, ya kama yatsan nan mai dannawa, ya ɗora a kan kuncinsa.

“Ƙirga.”

“Ranka ya daɗe, ai manhajar ce...”

“Na ce ƙirga! Da ƙarfi, na baya su ji!”

Sallau, da gemunsa da komai, ya fara kamar ɗan aji ɗaya. “Ɗaya... biyu... uku...” Kasuwa na amsawa. Ya kai shida, aka juya masa ɗaya kuncin, ya ci gaba har goma sha uku.

Alhaji ya saki hannun ya ce, “A kira min Hurera da tsohuwar manhajarta.”

Ta zo da kyamara a wuya. Ta dubi Sallau ta ce, “Malam Sallau, taimaka ka riƙe mana labulen baya. Wannan ba sai ka danna komai ba.”