Ranar Da Na Kore Shanu Da Yatsa Ɗaya

Ban taɓa shan wahalar banza irin wannan ba. Ni dillalin shanu ne, bokona bai wuce firamare ba. Surukina ya saka mini wata 'yar manhaja a burauzar kwamfutata, wato inda ake buɗe shafukan intanet, ba ruwanka da jan maus da hannu, harafi kawai za ka danna ta bi umarni. Na ɗiga wa maɓallan fenti, ja shi ke buɗe hotunan shanuna. Har na fara yi wa abokan sana'a kallon ƙauyawa.

Ashe an sabunta ta, an sauya wa haruffan aiki. Sanarwa ta fito da Turanci, na kawar da ita.

Alhaji Maina ya zo daga Dogo Nini zai zaɓi bijimai. Na ce, "Alhaji, zauna ka ga zamani." Na danna ja, shafin ya rufe. Na ƙara dannawa da ƙarfi, sauran shafukan suka bi shi.

Ya ce, "Malam, shanun sun tafi kiwo ne?" Ya miƙe ya nufi wani dillalin.

Washegari na kora bijiman da ƙafa har ƙofar gidan Alhaji Maina don ya gan su da ido. Har yau in saniya ta ɓata a kara, sai a nuna ni a ce, "A tambayi Injiniya, ko ya danna ja."