Kifin Arlo a Kan Gilashi

"A duk bakin tafkin nan babu wanda ya kai ni sanin kifi, balle na'ura!" in ji Arlo Lindqvist. Ka san irinsu, baki kamar rediyo, hannu kamar tsumma.

Abu ɗaya ke cin ransa. Surukinsa Merle na da shagon kayan kamun kifi, bangon cike da hotunan manyan kamu, amma babu na Arlo.

"Kai kana miƙa kifi gaban kyamara har ya fi ka girma," in ji Merle. "Kawo hoton gaskiya, in manna."

"Sikana zan sa, na'urar ɗaukar hoton takarda! Ita ba ta ƙari, ba ta ragi."

Ranar da ya yi kamu, Arlo Sarkin Kuri ya fara da sikanar hannu, wadda ake ja a kan takarda. Kifi da santsi, sikana ta yi ta zamewa. Hoto ya fito da ido uku da doguwar wuya.

"Wannan kifi ne ko tiyon ban ruwa?" matarsa Verna ta tambaya.

"Gwaji ne, uwargida."

Ya koma kan sikana mai zuƙar takarda, wadda Verna ke aikin coci da ita. Ya cusa wutsiya. Na'ura ta ja, ta yi tari, ta mutu da ɓawon kifi a maƙogwaro.

"Arlo! Takardun waƙar Lahadi zan saka a nan!"

"Za su yi ƙanshin tafki. Ni'ima ce."

Saura mai gilashi da murfi. Ya kwantar da kifin, ya danne murfi har da gwiwar hannu. Haske ya wuce. Kai, hoto ya yi kyau! Kowane ɓawo tar.

Ya ruga shagon Merle, ya buga takardar a kan tebur gaban masu shan kofi.

Merle ya gyara tabarau. "Ba ta rage shi ba?"

"Ko ƙwayar zarra! Girmansa ke nan, ku shaida!"

"Mun shaida," suka amsa.

Sai a lokacin gogan ya lura: kifin duka, kai da wutsiya, ya zauna cikin takarda ɗaya, har da filin sa hannu.

Merle ya ɗauko ƙusa. Ya wuce bangon gwanaye, ya kafa hoton saman tankin ƙananan kifayen da ake sa wa ƙugiya.

"Na gode, suruki. Dama masu saye na ta tambayar girman abincin ƙugiyarmu."