Yadda Manomin Masara Zai Haɗa Ɗan Fashin Teku

Idan ka bi abin da zan gaya maka daki-daki, na yi maka alkawari kafin a gama casar masarar bana za ka mallaki ɗan fashin teku naka na kanka, ƙato, mai makami, wanda ba ya cin tuwonka kuma hukuma ba ta da hanyar kama shi, domin a takarda yake zaune. Ni na yi, alhali manomi ne ni daga Gozaki, ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne dam ɗin Mairuwa, shi ma ta tagar mota.

Ga wanda bai sani ba, wasa ne na 'yan boko. A zauna a tabarma, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda, mutum ɗaya ya riƙa ba da labari, duk abin da jaruminka zai yi sai ka jefa ƙwayar lido ta ce an yi ko ba a yi ba. A gidanmu autata Bushra ce mai ba da labarin. Na tura ta koyon jinya a Funtua, ta dawo mini da teku.

Mataki na 1: Nemi dalilin shiga

Dattijo ba ya faɗawa cikin wasan yara haka kawai. Ka zo bayan la'asar, ka tsaya a ƙofar zaure fuska a murtuke, ka ce ka ji ƙarar ƙwaya, ka zo ka tabbatar ba caca ake yi maka a gida ba. Zauna don bincike. Washegari ka dawo don ƙarin bincike.

Kada ka faɗi ainihin dalilin. Nawa shi ne babban yaron, ɗana na fari, ya sami aiki a jirgin ruwa a Legas, zai tafi da zarar an kai amfani gida. Mu kuwa a gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a hira da shi, ba a sakar masa fuska. Haka mahaifina ya yi mini, haka na yi, kuma na ƙware har yaron ya yi gemu hirarmu ba ta wuce "An dawo?" da "E, Baba" ba. Ga shi zai tafi, ni kuma bakina cike da magana, babu ƙofar fitar da ita. Tsoro nake ji ya tafi a haka.

Mataki na 2: Zaɓi suna mai firgitarwa

Bushra ta ce, "Baba, suna za ka sa wanda in an ji shi a teku hantar mutum za ta kaɗa."

Ka tuna abin ruwan da ya taɓa cutar ka. Ni ƙurungu ne ya taɓa soke ni a yatsa, shi ma a cikin miya, yana matacce. Na ce a rubuta Ƙurungu. Kamalu, ɗan ƙanena, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Babban yaron, wanda shi ne kyaftin ɗin jirginmu, ya ɗaga kai yana duban rufin zaure kamar an ba shi aikin ƙirga azara.

Mataki na 3: Raba maki da hikima

Za a ba ka maki kaɗan ka raba tsakanin ƙarfi, wayo, iya magana da iyo. Juye su duka a ƙarfi.

"Baba, iyo fa? Ɗan fashin teku ne."

"Wanda yake cikin jirgi me zai yi da iyo? In zan hau motar Malumfashi, gudu nake fara koya?"

Ka ga kuwa gaskiya ce. Gurbin iya magana ma na bar shi fanko, don kada jarumi ya fi mai shi.

Mataki na 4: Ɗauki makamin da hannunka ya sani

Za su nuna maka takobi da bindiga. Takobi ban taɓa riƙewa ba. Bindiga kuwa mun ji ƙararta a ƙasar nan har ta ishe mu, ko a takarda ba na son ta. Na ce a ba Ƙurungu galma. Bushra ta duba ƙa'idojin wasan a wayarta sama da ƙasa, ta ce Turawan da suka tsara abin ba su san galma ba. Na ce shi ya sa suke fashi.

Mataki na 5: Fashin farko, kada ka manta tarbiyya

Ranar da muka tare jirgin wani attajiri, Ƙurungu ne ya fara dirawa ciki. A nan ne aka ga bambancin mai asali. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ya ruwa. Bushra, da muryar attajirin, ta ce ruwa ya yi gyara. Kafin mu kai ga gaisuwar yara, masu gadin jirgin sun yi wa jarumin Kamalu dukan kawo wuƙa.

Da muka ci nasara, kayan da ke ciki ashe masara ce, buhu kan buhu. Bushra da gangan ta yi, na sani. Ƙurungu ya cusa hannu, ya gatsi ƙwaya ɗaya, ya ce ba ta gama bushewa ba.

Yanzu ka natsu, ga amfanin wasan gaba ɗaya. Ni ba na magana da babban yaron, amma babu wata al'ada da ta hana Ƙurungu magana da Kyaftin.

"Kyaftin, ina za a jera buhunan?"

Ya amsa, idonsa a kan tabarma. "A ƙasa, Ƙurungu, kusa da tulunan ruwa."

"Kyaftin, wane malalacin manomi ne ya haife ka, da za ka ajiye hatsi kusa da ruwa?"

Dariya ta ƙwace masa. Ashe in yana dariya ido ɗaya yake rufewa, irin na mahaifiyata. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, sai a tsakiyar teku na gani.

Mataki na 6: In hadari ya taso, ka tuna kai wane ne

Zaman ƙarshe ya faɗo ana gobe tafiyar babban yaron. Jakarsa ma tana jingine a kusurwar zaure. Bushra ta taso mana da hadari, ta ce jirgi ya yi nauyi, ruwa na shiga, dole a rage kaya ko a nutse.

Kamalu ya ce, "A watsar da masarar."

Na ce, "Hatsi ne fa."

"Baffa, ba masarar gaske ba ce."

"Ta gaske ko ta ƙarya, wani ya yi mata noman fari da maimai, ya zuba mata taki. Ba a gabana ba."

Ƙwararru za su gaya maka ɗan fashi na ƙwarai ba ya jinkiri a nan. Ƙyale su, ba su taɓa tsince ƙwayar masara a ƙasan masussuka ba. Na tambayi nauyin Ƙurungu. Bushra ta ce da wannan ƙarfin da na ɗura masa ya kai buhu uku. Na ce to an sami abin ragewa, Ƙurungu zai faɗa ruwa.

"Baba, ba ka iya iyo ba."

"Na sani, ni na raba makin."

Mataki na 7: Kalaman ƙarshe

A ƙa'ida, wai jarumin da zai mutu ana ba shi dama ya yi magana. Kada ka dubi kowa. Ni ƙwayar lido na ƙura wa ido.

"Kyaftin, ruwa ba sa'an kwando ba ne. In ka ga sama ta haɗe, kada ka nuna jarumta. Ka riƙa cin abinci. Ka riƙa kiran gida. Akwai wani tsoho can, ba zai taɓa tambayarka ba, amma duk lokacin da wayar uwarka ta yi ƙara gyaran fartanya yake kama shi a bakin ƙofarta."

Bushra ta buɗe baki, ina jin za ta ce a zamanin 'yan fashin teku babu waya, sai ta fasa. Can ta ce, "Yaya Abdussamad, kai ne Kyaftin. Ƙurungu yana cikin ruwa. Me za ka yi?" Ita ta faɗi sunan, ni ruwaito shi kawai na yi.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "A jefa masa igiya. A zubar da masarar duka."

Na ce, "Kyaftin, wannan asara ce."

Ya ce, "Masara ana sake nomawa, Ƙurungu."

Ya jefa ƙwaya, ta ba shi. Aka jawo ƙato mai galma yana aman ruwan gishiri, aka yi ta watsa buhuna a teku ina ji ina gani. Na miƙe na ce zan je in duba awaki. Awakin suna nan lafiya, na daɗe ina duba su.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In girmanka ya zube a zaurenka, kai ka zauna. In yaran unguwa suka fara raɗa wani suna in ka wuce, kai ka zaɓa. In masara ta salwanta a teku, ka nemi Kyaftin, ni na hana.

Haka kuma in yaron ya tafi, ranar Juma'a wayar uwarsa ta yi ƙara, suka gama gaisawa, ka ji ta ce, "Wa? Wane ne kuma haka?" sannan ta leƙo tana dubanka da mamaki ta ce, "Malam, wai a ba shi Ƙurungu," to ni babu ruwana. Ajiye fartanyar, goge hannunka a riga, ka karɓa.