Masu Tsamiyar Garki

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Laraba a Garki, 'yan shekaru bayan soja sun koma bariki, benaye suna ta tsirowa a Abuja. A ƙarƙashin ƙasan wani benen 'yan kasuwa aka ba mu ɗakin motsa jiki, babu taga ko ɗaya, bangon kullum a jiƙe. Ni ne sabon koci mai horar da ɗaga ƙarfe. Ɗalibaina 'yan wasa ne masu lalurar nan ta ƙwaƙwalwa da ake tasowa da ita tun jarirantaka, wadda ke sa gaɓoɓi su riƙa ɗaurewa. An yi mini bayaninta ranar da na kama aiki. (Na yi ta gyaɗa kai, amma hankalina yana kan sabuwar rigar da aka ba ni.)

Abin da ya zauna mini a kai shi ne maganar Alhaji Sada, Bakatsinen da ke sayar da atamfa a sama. Ya ce kafin a yi ginin wata tsohuwar tsamiya ce a wurin, an sare ta, amma masu ita ba su tashi ba. Tun daga nan, in na sauka matakala sai in ji kamar ana numfashi a ƙeyata.

Ranar daga ni sai Ɗanladi, wani ɗan garin Kwali da ya daɗe yana burin zuwa gasar ƙasa, ga shi an kusa zaɓen 'yan wasa. Ya kwanta a benci, na ɗaure masa cinyoyi da bel, na miƙa masa sandar ƙarfe mai nauyin gaske. Aikina ɗaya ne: in tsaya a kansa, in ta gagare shi in karɓe.

Ya ɗaga ke nan aka ɗauke wuta, ƙofar sama ta bugu da ƙarfi. Duhu ya rufe mu. Sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, wani abu yana dukan ƙafar bencin da saurin da ba na mutum ba. Gurnani ya biyo baya. Na haska 'yar wayata: idanun Ɗanladi a kafe, haƙora a datse, ƙafarsa tana rawa ita kaɗai, sandar kuwa tana sauka a hankali wajen maƙogwaronsa.

Wallahi na tsorata. Na yi tsalle baya, na ɓare baki ina karatu ina tofi. Ina ƙara murya yana ƙara sandarewa, ni kuwa na ce alhamdu lillahi, karatu ya fara ƙona shi. Har na samu ƙarfin halin daka tsawa:

"Kai wane ne? Me kake nema a jikin bawan Allah?"

Da ƙyar muryar ta fito: "Oga... Ɗanladi ne. Ƙarfe... ɗauka ƙarfe!"

Ina fizge sandar aka kawo wuta. Ga Alhaji Sada da maƙwabtansa cike da matakala, wani har da kaskon turare. Duk sun ji tambayata. Ɗanladi ya tashi zaune, ya danna diddigensa a ƙasa, ƙafar ta yi tsit.

"Ƙara ne yana sa jikina yana kulle," in ji shi. "Kai kuma ka zo ka sa ihu a kai."

Suka fashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse. Amma da na ga yadda yake dafe da kafaɗa, kunyar ta koma ɓacin rai. Kafaɗar ta gurɗe, zaɓen shekarar ya wuce shi. Bai kai ƙarata ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Da ya warke ya dawo, ya kwanta a bencin, ya dube ni daga ƙasa ya ce, "Oga koci, idan aljani ya sake zuwa, ka karɓi ƙarfe tukuna, sai ku yi hira."

Har yau ban daina addu'a a wurin aiki ba. Sai dai a zuci nake yi, hannuwana biyu suna ƙarƙashin sanda.